Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, to ƴan sama jannati fa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Ni mai karanta jaridar nan ne tun ba yau ba, kuma gaskiya ba ni da ɗabi'ar rubuto wasiƙa, in na ga abinda bai yi min ba sai dai in yi tsaki in juya shafi, amma wannan karon abin ya tsaya min a rai har na kasa haƙuri. A shafinku na kimiyya kun saka hoton ƴan sama jannati suna shawagi a cikin tashar sararin samaniya, wani kansa a ƙasa ƙafa a sama, ga biro na yawo a gabansa, sai aka rubuta a ƙarƙashin hoton wai suna yawo haka ne saboda can sama babu maganaɗisun ƙasa. Malam Edita wannan magana ba haka take ba. Na san ba ku kuka fara faɗarta ba, kusan kowa haka yake cewa, ni kaina sai da na girma na gane, amma tunda na yi shekaru ina koyar da fiziks a sakandare kuma na san yara na yanke irin shafin nan suna ajiyewa, to in na yi shiru ban kyauta ba.

Da farko ma kalmar maganaɗisu ɗin nan ni ba ta kwanta min ba. Maganaɗisu ƙarfe yake ja, ka kai masa itace ko roba ko ruwa ko kallonsu ba zai yi ba. Ita kuwa ƙasa ba ta zaɓe, dutse da auduga da mutum da tururin ruwa duk ja take. Ni na fi son a ce ƙarfin jan ƙasa, ya fi sauƙi kuma bai rikita yaro ba. Amma wannan ƙaramar magana ce, mu je ga babbar.

Tashar nan da kuka saka hotonta tana nisan wajen kilomita 400 ne daga doron ƙasa. Ka ji kaman nisa ne ko? To daga inda kake zaune zuwa tsakiyar duniya kilomita 6,371 ne, ka ga ƙarin 400 a kan wannan ai ba wani abu ba ne. In aka yi lissafi, jan da ƙasa ke yi wa mutum a can ya kai kusan kashi 90 cikin 100 na wanda take masa a nan. Da za a iya gina hasumiya mai tsawon kilomita 400, mai kilo 70 ya hau ƙololuwarta da sikeli, zai ga wajen kilo 62, ƙafarsa na nan daram a kan daɓe, babu wani shawagi. In kuwa tsautsayi ya sa ya zame, sunansa gawa.

To me ya sa su suke shawagi? Faɗowa suke yi. Wallahi ba wasa nake ba, su da tashar da biron duk faɗowa suke, dare da rana, kawai dai ƙasar ce ba sa isowa. Na san mai karatu zai ce wannan malamin ya fara zautuwa, dan haka bari in koma kan dutse, dan duk sirrin yana cikin jifan da kowane yaro ya iya.

In ka jefa dutse, daga lokacin da ya bar hannunka abu biyu yake yi lokaci guda, kuma kowanne ba ruwansa da ɗan'uwansa. Yana tafiya gaba da gudun da ka ba shi, kuma yana faɗuwa. Faɗuwar ba ta jira sai ƙarfin jifan ya ƙare, a'a, tun daga sakan na farko ta fara. Kuma tana da ƙa'ida wadda ba ta canzawa: duk sakan ɗaya gudun faɗuwa yana ƙaruwa da mita 9.8 a sakan. Abinda ka saki daga sama zai sauko mita 4.9 a sakan na farko, in an cika sakan biyu ya yi mita 19.6, sakan uku mita 44.1, ka ga ba ninki biyu ninki uku yake ba, ninki huɗu ne, ninki tara, haka yake ta hauhawa. Shi ya sa faɗowa daga bene na huɗu da faɗowa daga kan katanga ba a haɗa su.

Ga gwajin da nake sa ɗalibai su yi, kuma dan Allah kai ma Malam Edita ka gwada a kan teburinka. Samo murfin kwalba biyu, ɗaya ka ajiye a bakin tebur ka ɗalle shi da yatsa ya yi gaba da ƙarfi, ɗayan kuma a daidai wannan lokacin wani ya sake shi daga tsayin tebur ɗin ya faɗi tsaye. Kar ka kalla, saurara kawai. Ƙara ɗaya za ka ji, tare suke taɓa ƙasa, duk da ɗaya ya yi nisa ɗaya yana gindin tebur. Haka ma harsashi, in aka miƙe bindiga a kwance sak a fili mai shimfiɗa aka harba, aka kuma saki wani harsashin daga tsayin bakin bindigar, kusan tare za su sauka. Duk shekara sai an samu yaron da zai ce shi bai yarda ba, kuma ina jin daɗin irin yaran nan fiye da masu gyaɗa kai.

Kuma ba laifin yaron ba ne, dan manyan masana sun yi ƙarnuka ba su ga wannan ba. Aristotal na Girka cewa ya yi abu ba ya tafiya sai ana tura shi, da aka tambaya to me ke tura kibiya bayan ta bar baka, sai aka ce iska ce ke biyo ta tana ingiza ta. Ibn Sina yana cikin waɗanda suka ƙi wannan bayani, shi ya ce mai jifa yana saka wa abin wani karkata ne a cikinsa, ya kira shi mail, kuma ya ce in da babu abinda ke tare shi kaman iska to ba zai ƙare da kansa ba. Ka duba fa yanda ya kusa. Su kuwa masu harba igwa na Turai a zanensu na da sai ka ga ƙwallon igwa ya miƙe sak kaman an ja layi, ya ɗan lanƙwasa, sannan ya faɗo tsaye tim. Sai a 1638 Galileo, yana tsohonsa, ido ya tafi, ga shi an yi masa ɗaurin talala a gida, littafinsa ma sai a Holan aka buga shi, ya nuna da lissafi cewa in ka haɗa tafiya gaba da ba ta canzawa da faɗuwar da ke ƙaruwa, hanyar da za ta fito lanƙwasa ce guda ɗaya tun daga farko har ƙarshe, wadda masu lissafi ke kira farabola. Ka kalli ruwan da ke fitowa daga tiyo in an ɗaga bakinsa, ita ce wannan.

Daga nan ne maganar cewa jifan da aka ɗaga digiri 45 ya fi nisa ta samu gindin zama, duk da wani Ba'italiye Tartaliya ya riga ya faɗe ta tun 1537. In ka yi jifa ƙasa-ƙasa dutsen na da gudun gaba amma ba shi da lokaci a sama, in ka cilla sama sosai yana da lokaci amma ba ya gaba, tsakiya ita ce ta fi nisa. Dutsen da ya bar hannu da gudun mita 20 a sakan zai yi wajen mita 41 a kan digiri 45, a kan digiri 30 kuwa mita 35, a kan 60 ma mita 35 ɗin dai. In ka ninka gudun sau biyu nisan sau huɗu yake ninkuwa. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai maganar nauyi, wadda ita ce ta fi wuyar shiga kai. Babban dutse da ƙaramin tsakuwa tare suke faɗowa. Abinda ke sa takarda ko gashin tsuntsu ya yi ta lilo iska ce kawai. A watan Agusta na 1971 wani ɗan sama jannatin Amurka David Scott, na kumbon Apollo 15, ya tsaya a kan wata gaban kyamara, guduma a hannu ɗaya gashin shaho a ɗaya hannun, ya sake su, tare suka sauka dan can babu iska. Bidiyon yana nan a intanet, gani ya kori ji. Kuma ka lura, a kan wata ma abu faɗuwa yake, jan can dai kashi ɗaya cikin shida ne na namu.

To yanzu mu hau tsaunin Newton. Shi Isaac Newton na Ingila, wanda ya fitar da babban littafinsa a 1687, ya ce ka ƙaddara akwai wani tsauni mai tsawon da ya wuce iska, ka ɗora igwa a kansa ka miƙe ta a kwance. Ka harba da ɗan ƙarfi, ƙwallon ya faɗi kusa. Ka ƙara albarushi, ya faɗi nesa. Ka yi ta ƙarawa. To ai duniya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, ƙwallo ce, tana lanƙwashewa, duk tafiyar kilomita 8 doron ƙasa yana sunkuyawa da wajen mita 5. Ka tuna nawa abu ke faɗowa a sakan na farko? Mita 4.9, wato kusan 5 ɗin nan. Ashe kenan in ƙwallon igwar yana cin kilomita 8 a sakan ɗaya, zai faɗo mita 5, ƙasa ita ma ta kauce masa da mita 5, tsayinsa na nan yanda yake. Sakan na gaba haka, na gaba ma haka, yana ta faɗowa ƙasa na ta zame masa, har ya zagayo duniya ya dawo ta bayan igwar. Ranar da na fara fahimtar wannan sai da na tashi tsaye daga kan kujera.

Wannan ita ce tashar da kuka saka. Gudunta wajen kilomita 28,000 a awa, kusan kilomita 7.7 a sakan, tana zagaye duniya cikin minti 90 da ɗan ɗoriya, mutanen ciki na ganin fitowar rana sau 16 a kwana ɗaya. Kuma tunda mai nauyi da mara nauyi tare suke faɗuwa, tashar da mutumin da biron da ɗigon ruwan duk tafiya ɗaya suke, babu wanda ke danne wani, daɓe ba ya tokare ƙafa, shi ya sa sikeli zai nuna sifili. Nauyin da kake ji yanzu a kan kujera ai tokarewar kujerar kake ji. Cire kujerar ka gani, na ɗan lokacin kafin ka kai ƙasa kai ma ɗan sama jannati ne. Ko a lif in ya fara sauka da sauri ka ji cikinka ya yi wani iri, ɗanɗanon abin ne. Akwai ma jiragen da ake horar da su a ciki, matuƙin ya ɗaga hancin jirgi sama ya rage wuta ya bar shi ya bi hanyar dutsen da aka jefa, mutanen ciki su yi shawagi na sakan ashirin da wani abu, alhali ko kilomita 10 ba su wuce ba. In maganar rashin jan ƙasa ce, wa ya kashe shi a nan?

Wani abin da zai ƙara tabbatar maka, ka kalli yanda ake harba roka. Tana tashi tsaye, amma ba a jimawa sai ka ga ta fara kwantawa gefe, wasu har su ɗauka matsala aka samu. Ba matsala ba ce, hawa sama dan ta fita daga iska mai kauri ne kawai, yawancin man nan da take ƙonawa na neman gudun gefe ne. In ka hau kilomita 400 tsaye ka kashe inji, dawowa za ka yi ta inda ka bi. Taurarin ɗan adam da ke kawo mana tashoshin talabijin su kuma an kai su kilomita 35,786, inda zagaye ɗaya ke ɗaukar kwana guda daidai da juyawar duniya, shi ya sa kake kafa dish ya kalli waje ɗaya shekara da shekaru. Shi kansa wata, mai nisan wajen kilomita 384,000, faɗowa yake, duk sakan yana karkatowa wajenmu da milimita ɗaya da ɗan wani abu yana kuma wucewa gefe da wajen kilomita ɗaya. Da babu jan ƙasa a can kaman yanda kuka rubuta, da tuni wata ya kama gabansa, tashar ma ta miƙe ta ɓace.

To ina karin maganarmu, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo? Na sha zolayar ɗalibai da ita. A ƙasa-ƙasan nan tana da gaskiya, dan ko a kilomita 400 akwai ɗan ɓurɓushin iska da ke rage wa tashar gudu, tana saukowa a hankali, sai an riƙa kunna inji lokaci-lokaci ana ɗaga ta. Tashar Amurka Skylab ta faɗo a 1979, tarkacenta ya zuba a yammacin Ostireliya, ta Rasha mai suna Mir aka sauko da ita cikin tekun Fasifik a 2001. Amma in jifa ya kai gudun kilomita 11.2 a sakan, to ya fi ƙarfin ƙasa. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 har yau tafiya yake, kuma ba zai dawo ba. Kakanninmu ba su yi ƙarya ba, hannun mutum suka auna.

Tunda na ambaci iska bari in faɗi gaskiya a kan mu malamai, dan mu ma muna da namu. Duk lissafin da muke ba yara a allo muna farawa da cewa a ƙaddara babu iska, sai yaro ya fita da tunanin iska ɗan ƙaramin abu ne. Ina! Harsashin AK-47 yana fita da gudun wajen mita 715 a sakan, in ka bi lissafin allo a kan digiri 45 zai yi sama da kilomita 50, a zahiri ko kilomita 5 ba ya kaiwa, iska ta cinye sauran. Kuma tirjiyar iska in gudu ya ninku biyu ita sau huɗu take ninkuwa, dan haka duk abinda ke faɗowa akwai gudun da in ya kai ba ya ƙarawa. Mai tsalle daga jirgi kafin ya buɗe laima yana tsayawa a wajen kilomita 200 a awa. Babban ɗigon ruwan sama wajen mita 9 a sakan, da babu iska kuwa, ɗigon da ya taso daga gajimare mai tsayin kilomita 2 zai iso da gudun da ya haura kilomita 700 a awa, ka ga da an ga hadari sai kowa ya nemi maɓoya. Saboda iskar nan ne ma digiri 45 ɗin ba ta cika aiki a fili ba, mai buga ƙwallo ko mai harbi da ke son nisa yawanci ƙasa da haka yake ɗagawa.

Sai dai akwai inda abin ya juye. A yaƙin duniya na ɗaya, 1918, Jamusawa sun yi wata ƙatuwar igwa suna jefa wa birnin Faris harsasai daga nisan wajen kilomita 120, ita sama da digiri 45 aka ɗaga ta, dan harsashin ya yi sauri ya haye inda iska ba ta da kauri, har wajen kilomita 40 yake kaiwa sama, ya yi yawancin tafiyarsa a can. Lissafin irin wannan harbi da iska a ciki yana da wahala har ta kai ɗaya daga cikin kwamfutocin farko a duniya, ENIAC, sojan Amurka sun sa an ƙera ta ne lokacin yaƙin duniya na biyu dan ta riƙa fitar musu da jadawalin harba igwa. Abin da ban haushi, yawancin ilimin nan wajen neman yanda za a kashe mutum daga nesa aka ƙware a kansa.

A nan zan ɗan ratse, dan akwai masu ɗaga bindiga su harba sama suna ganin harsashin ya tafi kenan. Bai tafi ko'ina ba. Wanda aka harba tsaye sak zai hau ya tsaya ya juyo, iska ta rage masa gudu, amma gwaje-gwajen soja sun nuna harsashin bindigar soja yana dawowa da wajen mita 90 a sakan, kuma wannan ya isa ya huda fata, a ka kuwa yana iya kisa. Mafi muni shi ne ai ba wanda ke riƙe bindiga tsaye sak, ɗan karkatawa kaɗan harsashin zai riƙe juyawarsa da tsininsa a gaba ya sauka da gudun da ya fi haka, a kan wanda bai ji ba bai gani ba, a nesa da inda aka yi harbin.

Saura jirgin sama, wanda shi kaɗai ne a cikin duk abubuwan nan ba faɗowa yake ba, kuma a nan zan tona wa kaina asiri. Na yi shekaru ina gaya wa yara abinda ni ma aka gaya min, wai saman fiffike ya fi ƙasansa tsawo saboda lanƙwasa, iskar da ta bi ta sama dole ta yi sauri dan ta riski ƴar'uwarta da ta bi ta ƙasa a ƙarshen fiffiken. Wata rana wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce Malam, wa ya ce dole sai sun haɗu, alƙawari suka yi? Aji ya fashe da dariya, ni ma na yi, amma na koma gida ban da amsa. Kuma ta fi ni gaskiya, a gwaji iskar saman tana riga ta ƙasan wucewa ma, ba sa haɗuwa. In bayanin nan daidai ne ta yaya jirgin takarda mai fiffike shafal yake tashi, ta yaya jiragen wasan sama ke tafiya a kife?

Abinda ke faruwa ya fi haka sauƙi. Fiffike yana ɗan ɗaga gabansa, yana kutsawa cikin iska yana karkatar da ita ƙasa, da ta ƙarƙashinsa da wadda ke bin bayansa ta sama. Ka tura iska ƙasa, ita kuma ta tura ka sama, dokar Newton ta uku kenan. Gaskiya ne iskar saman ta fi sauri kuma matsinta bai kai na iskar ƙasan ba, wannan ɓangaren ba ƙarya ba ne, dalilin da muke bayarwa ne na bogi. Ka fitar da tafin hannunka ta tagar mota tana gudu ka ɗan ɗaga gaban, za ka ji an fizge shi sama. Ƙaton jirgin nan Airbus A380 da ke iya tashi da nauyin tan 575 wannan abin dai yake yi, iska mai yawan gaske yake dannawa ƙasa duk sakan. In kuwa matuƙi ya ɗaga hanci ya wuce kima, wajen digiri 15 zuwa sama, iskar sai ta ƙi bin bayan fiffiken ta hargitse, ɗagawar ta zube.

Shi ya sa nake gaya wa masu tsoron jirgi cewa aikin inji tura jirgi gaba ne, fiffike ne ke riƙe shi. In injuna suka mutu ba ya rikitowa kaman dutse, gangarowa yake a hankali, babban jirgin fasinja yana iya cin wajen kilomita 15 gaba a duk kilomita ɗaya da ya sauko. A 2001 wani jirgin Kanada ya ƙare da mai a tsakiyar tekun Atlantika, ya yi tafiyar wajen kilomita 120 babu inji ya sauka a tsibiran Azores, ba wanda ya mutu. Ranar 15 ga Janairu 2009 tsuntsaye suka kashe wa wani jirgi injuna biyu bayan tashinsa daga New York, matuƙin Sullenberger ya kwantar da shi a kan kogin Hudson, mutum 155 duk suka fita da rai. Ka haɗa wannan da tashin farko na ƴan gidan Wright ranar 17 ga Disamba 1903, sakan 12, mita 37, ko rabin faɗin fikafikan A380 ma bai kai ba. Tun ƙarni na 9 ma an ruwaito Abbas ibn Firnas ya ɗaura fikafikai a Ƙurɗuba ta Andalus ya yi tsalle, ya ɗan yi shawagi ya ji ciwo wajen sauka, masu ba da labarin suka ce jela ce ya manta bai yi ba.

Na ja zance Malam Edita, ka yi haƙuri, halin malamai ne in an ba mu allo ba ma son sauka. Roƙona ɗaya ne, ku sake saka hoton nan a fitowa ta gaba, ku gyara rubutun ƙasan ya zama suna shawagi ne saboda su da tashar tare suke faɗowa suna zagaya duniya. Layi ɗaya ne, ba zai ci muku wuri ba. In kuma wanda ke kula da shafin bai gamsu ba, ku ba shi murfin kwalba biyu da tebur, in ya ji ƙara biyu ya rubuto, ni zan janye maganata a wannan shafin.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Tsohon malamin fiziks, mai karanta jaridarku